Ki bar shi ya ɗauki kwanon da kansa

Assalamu alaikum ɗiyata. Saƙonki ya iso, na ji tambayarki: me ya sa a gida yara ake ba kwanon tuwo su kai maƙwabta alhali ga manya a zaune, kuma ko ki riƙa ƙwace abu a hannun maigidan nawa, wato ɗanki, kina ba 'yan'uwansa, tunda ya fara rowa.

Kada ki ƙwace. Ɗan shekara 4 da aka fizge wa ƙosai aka ba wani, ɓoyo zai koya. Gobe bayan ƙyaure zai shige ya cinye abinsa. Mu da muna ƙanana, kaka ce take miƙo hannu ta ce, "Sam mini." In ka miƙa, sai ta ɗan gutsura kamar ƙwayar gero, ta mayar maka, ta yi ta sa albarka: "Allah ya yi maka albarka, Allah ya ba ka masu yi maka." Ka ga abinka bai ƙare ba, ga kuma fara'a a fuskar tsohuwa. Gobe kai da kanka za ka kai mata.

Aiken nan kuwa ciyayya ake ce masa, kuma da gangan ake ɗora wa yaro. Ina tuna mahaifinki da azumi, la'asar sakaliya, an ɗora masa kwanon kunun tsamiya rufe da faifai, yana tafiya a hankali kada ya zube. Ya yi sallama, ya durƙusa, ya ce, "Wai ga shi in ji Inna." Shi zai ji godiyar da kunnensa, shi za a ba tukwici, ko dabino ne guda 2, sau da yawa ma kwanon ya dawo da wainar gidan. Abin da ya fi damuna da gidajenku na yanzu ke nan: kowa ya ja get ya rufe, alherin ma ta waya ake turawa. Ladan yana nan, amma yaron bai ga komai ba.

To ki nuna masa. Ranar da babansa zai auna zakkar fidda kai, sa'i 1 a kan kowane mutum, wato mudun Annabi 4, a kira shi a ce, "Wannan naka ne," ya zuba da hannunsa. Da babbar sallah shi zai zaga da naman layya. In almajiri ya yi sallama, shi zai miƙa, kuma ki zuba mai kyau a gabansa. Yaron da ya ga kullum ƙanzo da ɗumamen da ya fara tsami ake fitarwa, zai ɗauka sadaka juji ce. In ya tara goron sallarsa, tambaye shi wa yake so ya saya wa wani abu, ki bar masa zaɓin ko da alewa ce.

Sai ki kiyaye bakinki. Kada ya taɓa jin kina cewa, "Duk abin da na yi wa wance." Allah ya hana ɓata sadaka da gori a Suratul Baƙara, aya ta 264, yara kuma kunne gare su. Kada kuma ki kira shi marowaci a gaban mutane, sunan zai iya bin sa.

In Allah ya kai mu hutu ki turo mini shi ya kwana biyu, akwai tsofaffi a layinmu da nake aika wa fura. Ki gaida mai gidanki da yaran.

Gwaggonki