Ta Zo Ta Uku a Aji, Amma Saƙon Waya Ya Gagare Ta

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni manomi ne a wani ƙauye ta wajen Maigatari. 'Yata tana aji biyar a firamaren gwamnati ta garinmu. Zangon da ya wuce ta zo ta uku cikin yara 94, har zakara na yanka mata. Kwanan baya ƙanena ya turo mini saƙo daga Legas, da Hausa, layi uku, na miƙa mata wayar. Wallahi sai in'ina take yi tana cankar kalmomi. Maƙwabcina ya ce laifin cakuɗa ne: ga 'ya'yan ruga da ba su gama jin Hausa ba, ga masu talla, ga samarin da sun isa riƙe garma, duk a aji ɗaya. Ya ce in cire ta in kai ta makarantar kuɗi a Gumel. Me ka gani?

Wani uba daga Jigawa

AMSA

Wa'alaikumus salam ɗan'uwana. Allah ya saka maka da alheri da ka miƙa mata wayar nan. Iyaye da yawa katin sakamako kawai suke dubawa su cusa a ƙarƙashin katifa.

"Ta uku" ba ya nufin ta iya. Abin da yake nufi shi ne ta fi yara 91 maki, su kuwa ba mu san inda suke ba. Na yi hedimasta a ƙauyuka shekaru masu yawa, na kuma san yadda ake jarabawar ƙarshen zango: malam ya rubuta tambaya a allo, ya karanta da ƙarfi, yaro ya zaɓi A ko B. Yarinya mai kaifin kunne da hadda za ta ci wannan sarai ba tare da ta haɗa baƙi da wasali ba. Ga shi ba a cika maimaita wa yaro aji ba, shekara na juyowa kowa ya yi gaba.

Maganar maƙwabcinka kuma, ya hango hayaƙi amma ya nuna gidan da ba shi ne ke cin wuta ba. Gaskiya ne ajin ƙauye tarkace ne. Amma ka nemi izinin hedimasta ka duba rajista, za ka ga abin da ke raba yaran nan. A ƙauyen da na fi daɗewa, sunaye cike suke a littafi, amma ranar kasuwa rabin 'yan matan suna bisa hanya da farantin ƙuli da gyaɗa. Ku da kuke kusa da Maigatari kun san yadda Alhamis take. Damina ta faɗi, mazan su tafi shuka da noma. Kaka ta zo, ga yankan riɗi, ga tsinkar zoɓo. Yaro ya ɓace makonni shida, ya dawo, malam ya koma baya dominsa, wadda ke zuwa kullum kamar 'yarka ta zauna tana sake jin abin da ta ji. Wannan shi ke cin ajin, ba asalin kowa ba. Yaron da ya fi kowa lissafi a duk waɗanda na koyar ɗan ruga ne mai tafiyar kusan awa guda a ƙasa. Fulatanci yake yi a gida, Hausa a kasuwa, ya zo aji a tare shi da Turanci, kuma bai hana shi ba.

Sai yawan kai. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Naku yana fama da 94, wasu a ƙasa kan buhu. Dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta ce karatun shekara tara kyauta ne kuma dole, ta kuwa tara yara, amma tara yara daban, koyar da su daban.

Akwai dabarar da ta yi mini. A 2019 an fara gwada wani tsari a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa a Kano, inda ake ware 'yan aji huɗu zuwa shida na wani ɗan lokaci bisa abin da suka iya: masu neman harafi gefe guda, masu haɗa kalma gefe guda, masu karanta labari gefe guda, kuma da Hausa ake farawa. Ba ya buƙatar sabon gini. Makarantarku tana da kwamitin kula da makaranta (SBMC), wanda iyaye da masu gari ke ciki. Ka kai maganar can, in ta fi ƙarfinsu a rubuta wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma.

Gumel fa? Ban hana ka ba, amma gani ya kori ji. Ka je da wayar taka, ka roƙi a kira maka 'yan aji biyar guda uku, waɗanda kai ka nuna da hannunka, su karanta saƙon ƙanen naka. Na ga makarantun kuɗi masu kyan yunifom da babu malami ko ɗaya mai takardar shaidar malanta ta NCE a cikinsu. Ka kuma lissafa kuɗin mota na kullum kafin ka yanke.

Kafin nan, in tana zuwa makarantar allo ta riga ta san harafi yana da sauti, wannan rabin aiki ne. Ka samo ɗan sakandare a unguwa ya zauna da ita minti ashirin bayan magariba, su fara daga ba, be, bi, bo, bu, su bi da su ɓa, ɗa, ƙa, tsa, sannan gajerun labarai. Kada a yi mata gori a gaban ƙannenta, zakaran ma ta ci halas, domin ta je makaranta ranar da wasu ba su je ba. Bayan wata uku ka sake miƙa mata wayar, ka rubuto mini abin da ta karanta.