Ki tambaye shi: idan intanet ya yanke ana tsakiyar biya fa?

Tambaya: Ina sayar da kaya ta intanet, ina so a haɗa min manhajar da masu saye za su riƙa biya ta ciki. Mutum biyu sun kawo min tayi. Na farko ya fi sauƙin kuɗi, ya ce mako huɗu ya gama. Na biyu ya ce mako bakwai, wai uku na gwaji ne. Wanne zan ɗauka?

Malama, zuciyata ta fi kwantawa da na biyun, amma kada ki ba shi aikin don kawai ya ambaci gwaji. Ki kira kowannensu ki yi masa tambaya ɗaya: mai saye ya danna biya, intanet ya yanke kafin amsa ta dawo, ya sake dannawa. Sau nawa za a cire masa kuɗi? Wanda ya san aikinsa zai ce miki kowane biya yana tafiya da lambar shaidarsa, sabar (wato babbar kwamfutar da ke karɓar biyan) na ganin ta maimaitu za ta ƙi cirewa karo na biyu. Kamfanonin karɓar biya ta intanet irin su Stripe sun tanadi wannan a API ɗinsu, wato ƙofar da manhajarki za ta riƙa bi tana magana da tasu. Wanda ya ce miki "ai hakan ba ya faruwa", ki sallame shi cikin mutunci.

Sai kuma ki sa a nuna miki wannan da idonki: a shiga da asusun mutum ɗaya, a canza lambar oda daga 1045 zuwa 1046. Idan adireshin wani ya bayyana, akwai matsala babba. Ƙungiyar OWASP, mai aiki kan tsaron manhajoji, ta sa wannan ɓaraka a lamba ta ɗaya cikin jerin haɗurran API goma da ta fitar a 2019, ta kuma bar ta a nan a jerin 2023. Abin yana damuna ƙwarai, domin gano shi ba ya cin minti biyar.

Manya ma sakaci na kayar da su. A ranar 1 ga Agusta 2012, kamfanin cinikin hannun jari na Amurka mai suna Knight Capital ya yi asarar kusan dala miliyan 440 cikin minti 45, bayan an ɗora sabuwar manhaja a sabar bakwai an manta ta takwas. Araha ba ta ado. Ki rubuta a yarjejeniya cewa kason ƙarshe na kuɗinsa sai ya miƙa miki gwaje-gwajen tare da manhajar, sun kuma yi aiki a gabanki.

Tambaya: Kamfanin da zan sayi API na tura saƙo a wurinsu ya yi alkawarin aiki kashi 99 cikin ɗari. Ya isa?

Malam, lissafa da kanka. Kashi 99 na nufin za su iya ɗaukewa sama da kwana uku da rabi a shekara ba tare da sun saɓa alkawari ba. Kashi 99.9 kuwa bai kai awa tara ba. Idan lambar shiga asusu za ka riƙa turawa, nemi na biyun, ka kuma tambayi buƙatu nawa suke karɓa a minti kafin su fara mayar maka da 429, wato amsar da ke nufin buƙatunka sun yi yawa.

Tambaya: Sai na sayi manhajar gwaji?

A'a, ba yanzu ba. Playwright da Selenium kyauta ne, Postman ma yana da tsarin kyauta. Kuɗin ka biya wanda zai zauna ya rubuta gwajin.