Garin Mora: Asalinsa da Abin da Ya Gani a Yaƙin Duniya na Ɗaya

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne, nakan bi ta Banki zuwa Mora a ƙasar Kamaru. Na ji ana cewa a kan dutsen garin ne Jamusawa suka yi turjiyarsu ta ƙarshe. Shin gaskiya ne, kuma su wane ne suka fara zama a wurin? Daga wani mai karatu a Maiduguri.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ka ji gaskiya ne, kuma tun kafin Bature ya iso, wannan dutse shi ne mafakar duk wanda yaƙi ya koro daga fili.

Mora tana gindin duwatsun Mandara ta arewa. Mutanen farko a can kan tsaunuka suke zaune, irin su Mura da Podoko, waɗanda suka jera duwatsu hawa-hawa a jikin gangare domin tare ƙasa da ruwa, suna noma dawa. Garin da ke ƙasa kuwa ya bunƙasa ne da zuwan sarautar Wandala, wadda muka fi sani da Mandara. Fadarta ta fara zama a Kerawa, ta koma Dulo, kuma sarakunanta sun karɓi Musulunci a farkon ƙarni na 18. Da Modibbo Adama ya ci Dulo wajejen 1809, sai Sarkin Mandara ya ja da baya zuwa Mora, inda dawakin Fulani ba za su iya hawa ba. A nan Baturen Ingila Dixon Denham ya tarar da fadar a 1823. Dole a faɗi cewa zaman fadar da mutanen dutse ba na lafiya ba ne kullum, domin daga cikinsu ake kamo bayin da Mandara ke sayarwa Barno. Rundunar Rabe ta ragargaza Dulo a tsakiyar shekarun 1890, sannan Jamusawa suka shigo a 1902.

Da yaƙi ya ɓarke a Agustan 1914, kwamandan Jamus a Mora, Kyaftin Ernst von Raben, ya ga cewa ba zai iya kare barikinsa na ƙasa ba, sai ya kwashe sojojinsa da abinci ya hau dutse. Kyaftin Fox ya taso daga Maiduguri da sojojin Ingila, Faransawa suka zo daga Cadi, aka yi wa dutsen zobe. Ko da sojojin Jamus da suka tsero daga barikin Kusuri suka haɗu da shi, mutanen von Raben kimanin 200 ne, kuma Turawan cikinsu ƙalilan ne. Wannan shi ne abin da nake so mu riƙa tunawa: a ɓangarorin uku duka, mafi yawan masu hawa dutsen da masu tsaronsa 'yan Afirka ne, kuma daga ɓangaren Ingila da yawansu 'yan Arewacin Najeriya ne.

Yunwa da ƙishirwa sun fi harsashi gallaza wa na sama. Sun yanka dawakinsu da jakuna da raƙuma sun ci, ɗibar ruwa kuma sai an yi kasada da rai, domin bindigogin abokan gaba suna saitin mashaya. Bayan faɗuwar Garwa a Yunin 1915, Janar Cunliffe na Ingila ya zo da ƙarin sojoji da igwa, ya kai hare-hare a farkon Satumba, amma aka mayar da su. A ƙarshen watan ne harsashi ya sami von Raben a kai, ya kwanta jinya, duk da haka wurin bai faɗi ba.

Yawunde ta faɗi ranar 1 ga Janairun 1916, sauran Jamusawa suka tsallaka yankin Rio Muni na Sifaniya, Mora ta rage ita kaɗai. Da aka aika masa labari, von Raben ya miƙa wuya ranar 18 ga Fabrairun 1916, bayan kusan wata 18, bisa sharaɗin a bar sojojinsa baƙaƙe su koma gidajensu, a kuma ba shi kuɗin da zai biya su bashin albashinsu. Ingilishi suka amince. Da aka raba Kamaru bayan yaƙin, Mora ta faɗa hannun Faransa, shi ya sa a yau take cikin ƙasar Kamaru a matsayin hedikwatar gundumar Mayo-Sava, alhali Gwoza da ke ɗaya gefen duwatsun tana Najeriya.