mkdir ta ƙi buɗe mini folda, an ce in sa 777

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina rubuta manhajar aikina na kammala digiri da yaren C, tana gudana ƙarƙashin Apache, manhajar da ke isar da shafukan intanet, a sabar Ubuntu. Duk ɗalibin da ya yi rajista sai ta buɗe masa foldarsa. Na rubuta mkdir(hanya, 777), umarnin ƙirƙirar folda tare da lambar izininta. Wani lokaci ta dawo da -1, wani lokaci foldar ta fito amma ba a iya ajiye komai a ciki. Wani mai shagon kwamfuta ya ce in buga chmod -R 777 a kan /var/www in huta. Saura mako biyu in kare aikin, hankalina a tashe yake. Ɗalibi daga Samaru, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka ɗana, aikin rabin awa ne, amma kada ka taɓa wannan chmod ɗin, umarnin sauya izini da zai buɗe wa kowa komai.

Ka manta sifili. A C, 0777 lamba ce ta tushe takwas, kuma da tushe takwas ake rubuta izini: lamba ɗaya ta mai folda, ɗaya ta rukuninsa, ɗaya ta sauran jama'a, bakwai na nufin karatu da rubutu da shiga; 777 kuwa ta tushe goma ce, wadda ke daidai da 01411. Wato ka bai wa mai foldar izinin karanta sunaye kawai, ba shiga, ba rubutu. Shi ya sa take fitowa kamar ɗakin da aka kulle aka jefa makulli rijiya. Ko da ka sa sifilin, umask, wato saitin da ke zare wasu izini daga sabuwar folda, za ta rage wani abu: idan tana 022, 0777 ta koma 0755.

Ita kuwa -1, dalilinta na nan cikin errno, inda C ke ajiye lambar kuskure, ka kira perror ta buga maka saƙon ka karanta. ENOENT na nufin wata folda a kan hanyar ba ta nan, domin mkdir guda ɗaya tal take ƙirƙira, ba ta gina uwayen folda kamar mkdir -p. EEXIST, sunan yana nan tun da. EACCES ita ce nake zargi a wajenka: Apache a Ubuntu yana aiki da sunan www-data, kuma ba shi da izinin rubutu a uwar foldar.

To, batun mai shago. Wallahi wannan shawara ta ishe ni. Kusan kullum sai ɗalibi ya zo ofishina da kwamfutarsa, in buga ls -l don ganin izini, in ga drwxrwxrwx, wato 777, tun daga sama har ƙasa, yana murmushi wai matsala ta kau. Mutane sun ɗauka izinin rubutu a folda na nufin ajiye fayil kawai. A'a. Wanda ke da izinin rubutu da shiga a folda zai iya goge kowane fayil a cikinta, ko ya sauya masa suna, ko ya ajiye nasa a gurbinsa, ko da fayil ɗin ba nasa ba ne. Bakwai ta ƙarshen nan ta kowa da kowa ce: duk wani asusu, duk wata manhaja da ke kan sabar. Idan sabar haɗaka ce, aka fasa shafin maƙwabcinka, mai kutsen ya samu ƙofarka a wangale. Sannan -R ba folda kaɗai take bi ba, har fayil ɗin da ka rubuta kalmar sirrin rumbun bayananka. Hotuna da takardun 'ya'yan mutane za ka tara a nan, amana ce. Masu kawo hujja da /tmp, foldar wucin gadi da kowa ke rubutu a ciki, su duba da kyau, 1777 ce. Wannan 1 ɗin ita ke hana wani goge kayan wani, su kuma ba sa saka ta.

Abin da ya fi ɓata mini rai, mai ba da shawarar ko saƙon kuskuren bai nemi gani ba. Ciwon kai, ciwon ciki, duk ƙulli ɗaya yake miƙawa.

Ga abin yi. Ka ware folda ɗaya ta ajiya a wajen /var/www/html, ka mallaka wa www-data ita da chown, sannan ka rubuta mkdir(hanya, 0750), wadda ba ta bai wa sauran jama'a izinin komai. Kada ka fara duba ko foldar na nan kafin ka kira mkdir, don tsakanin dubawa da ƙirƙira wani zai iya riga ka. Kira ta kai tsaye, in ta ce EEXIST sai ka tabbatar da stat cewa folda ce. Kuma kada ka ɗauki sunan da ɗalibi ya rubuta ka liƙa a hanya, wani zai sa ../, alamar komawa uwar folda, ya haura inda ba ka nufa ba. Yi amfani da lambar da manhajarka ta ba shi.