Wane irin madabod ne a cikin kwamfutata?

Tambaya: Malam, na sayi tsohuwar kwamfutar tebur, ina so in ƙara mata RAM (ma'adanar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita), amma ban san irin madabod ɗinta ba, wato babban allon da ake haɗa duk sassan kwamfuta a kansa. Yaya zan gane?

Amsa: Ɗan'uwa, idan tana kamawa, saka manhajar CPU-Z ka buɗe shafin Mainboard, za ka ga kamfani da samfuri. Ni ita na fi amincewa da ita. Idan ba ta tashi, zare wuta, buɗe murfin, kaɗe ƙurar, ka haska tsakanin ramukan PCI (dogayen ramukan da ake saka ƙarin katuna) da gefen RAM, nan ake buga sunan. Karanta shi har ƙarshe, don Allah: misali, madabod ɗin Gigabyte GA-G41M-ES2L RAM irin DDR2 yake ɗauka, GA-G41MT-S2 kuwa DDR3, kuma DDR2 ba ya shiga ramin DDR3, haka ma DDR3 ba ya shiga ramin DDR2. Idan ta kamfanin Dell ce, lambar shaidarta, Service Tag, da ke jikin akwatin ta wadatar a gano samfurin.