Ginin Mapo na Ibadan fadar sarki ne ko kuwa?

Tambaya: Malam don Allah, na kai tumatir Ibadan sai na ga wani ƙaton gini mai ginshiƙai a kan tudu kusa da kasuwar Oja'ba, wai Mapo. Abokin tafiyata ya ce fadar sarkinsu ce, ni kuma ya fi min kama da coci. Wa ya yi daidai?

Amsa: To ɗan'uwa, duk ku biyun kun kuskure, amma abokinka ya ɗan fi kusa. Mapo ofishin hukumar gari ne, wato En'e ta Ibadan a zamanin Turawa, nan majalisar gari ke zama a yi maganar haraji da sauran sha'anin mulki. Kyaftin Ross, Razdan na lardin Oyo, shi ya ɗora harsashinsa a 1925, aka buɗe shi a 1929. Wanda ya zana kuma ya tsaya kan aikin wani injiniya ne mutumin Wales, Robert Jones, da ake kira Taffy, shi ne kuma ya yi hasumiyar Bower ta 1936 a tudun Oke Are.

Kamannin cocin da ka gani daga ginshiƙan nan ne. Salon tsoffin Girkawa da Rumawa ne da Turawa ke so a gine-ginen hukuma, ginshiƙai masu kauri a jere, baranda mai faɗi da ke tare rana ta bar iska ta shiga, ga matakala da sai ka hau kafin ka kai ƙofa. Kuma ni a ganina ba banza suka zaɓi kan tudun ba, in ka tsaya a barandar nan ka duba ƙasa ba abin da za ka gani sai jan kwanon rufi mai tsatsa har iya ganinka, duk wanda ke cikin tsohon gari ya ɗaga kai ya san inda iko yake.

Shi ya sa ma a 1968 da manoman koko suka tashi kan haraji, boren Agbekoya kenan, Mapo suka nufa.

Inda abokinka ya kusa gaskiya kuwa, a nan ake naɗin Olubadan, wato sarkin Ibadan. Ko a Satumban 2025 a harabar Mapo aka miƙa wa Rashidi Ladoja, tsohon gwamnan Oyo, sandar sarauta a matsayin Olubadan na 44. In ka sake kai kaya, daure ka hau matakalar nan da la'asar.