Canjin hannun da Alhaji ya soke

Kai yaro, wai tunda ATS, akwatin canja wuta mai sarrafa kansa, yana tayar da janareta da kansa in an ɗauke wuta, mene ne amfanin canjin hannu, wato makunnin da mutum ke ja ya mayar da wuta kan janareta? Ajiye sukudireban nan ka ji.

Shekarun baya na yi wa wani Alhaji wayarin ɗakin sanyinsa na kifi. Na rubuta masa kayan aiki, ya sa biro ya soke canjin hannu, wai so nake in ci kuɗinsa. Na yi shiru don ina bukatar aikin, kuma shirun nan har yau yana ci mini rai.

Ranar jajiberin Babbar Sallah, ina ƙauye, wuta ta zo da rauni. Cikin ATS akwai kwantakta biyu, wato makunnai masu aiki da maganaɗisu, ɗaya na wutar layi, ɗaya na janareta. Koyil ɗin da ke jan ƙarfen kwantakta na bolt 230 ne. In wuta ta faɗi ƙasa sosai ba ya iya riƙe ƙarfen, sai ya yi ta kamawa yana saki, yana tartsatsi, har bakin ya narke ya manne. Haka ta faru da kwantaktan wutar layi. Da aka ɗauke wutar, janareta ya tashi lafiya lau, amma makullin da ke tsakanin kwantaktocin biyu ya hana ɓangarensa rufewa. Aikinsa ke nan, don kada wutar janareta ta koma kan layi ta kashe mai gyara a kan turke. Kwana biyu inji yana shan gas a banza. Maigadi ya ga kwampireso, injin da ke sanyaya ɗakin, ba ya motsi, ya buɗe akwati, ba abin da zai ja.

Da na iso, tun daga bakin ƙofa wari ya tare ni. Katan-katan sun jiƙe, ruwan jini yana bin siminti. Alhajin nan ya tsaya gaban jama'a ya ce ban iya aiki ba, ya hana ni cikon kuɗina. Takardar da ya soke tana nan a akwatina.

Ku yaran yanzu, da kun ga allo mai fitila sai ku sallama masa komai. Canjin hannu mai 1, 0, 2 za ka sa (1 wutar layi, 0 a kashe, 2 janareta), kuma wayarsa ta kewaye ATS ɗin gaba ɗaya. In ta bi ta cikinsa, aikin banza ka yi.  Ka rubuta kowace lamba da fenti, ka kira maigadi ya ja hannun sau uku a gabanka kafin ka karɓi kuɗi. Mai gida ya ce ba ya so, ka tattara kayanka ka dawo shago.